Kwanon Da Judith Ta Zubar

Tun ranar da Mama Comfort ta tarar da kaji suna tsattsagar faten accanta a bayan ɗaki, maganar auren ɗanta Shekari da Judith ta mutu murus.

Ba a yi wani dogon faɗa ba. Tsohuwar ta bari sai da yarinyar ta hau bas ta koma Sabon Tasha, sannan ta ja hannun ɗanta zuwa bayan ɗakin ta nuna masa. Ta ce in dai ita ta haife shi, ƙafar Judith ba za ta sake taka gidanta na Kakau ba.

Wanda bai san mutanensu ba zai ce abin bai kai ya kawo ba. To ya kai. A wurinsu, ranar da saurayi ya kai yarinya gaida uwarsa, uwar ce take shiga kicin da kanta, ta dafa, ta miƙa wa baƙuwar hannu da hannu. In ta ci, ta karɓi gidan, gidan ma ya karɓe ta. Amma ta karɓa da murmushi, ta faki ido ta zubar, wannan fassararsa ɗaya ce: tana zargin an sa mata wani abu a ciki.

Kuma duk duniya a rasa wadda za a yi wa haka sai Mama Comfort. Lokacin da mijinta ya rasu a ƙauye, danginsa suka ce ita ta sa masa wani abu a abinci. Aka daina cin girkinta. Ko a zumuntar mata ta kai kula, haka take komawa da abarta cike. Abin da ya tashe ta ke nan ta dawo Kakau da ɗanta tana noma. Tun daga nan ba ta miƙa wa kowa abinci sai ta fara ɗiba ta ci a gabansa, ko da kuwa Shekari ne. Ranar ma haka ta yi wa Judith.

Judith ba ta san wannan tarihin ba, don Shekari bai taɓa iya buɗe baki ya faɗa mata ba. Shi kuma bai san nata ba.

Judith tela ce a kasuwar Sabon Tasha, hannunta na da kyau, shagonta ba ya rabuwa da mata. Da can mai jiki ce, irin wadda tun tana makaranta ake tsokana da Buhun Masara, tana dariya a fili tana kuka a banɗaki. Da zaɓe ya matso a farkon shekarar nan, coci ya sa azumi da addu'a don Allah ya sa soja su sauka lafiya. Kowa ya yi, kowa ya sha ruwa ya koma kan tuwonsa. Ita ce kawai ba ta dawo ba.

Wata safiya a cikin azumin ta zagaya tef ɗin awonta a ƙugunta, ta ga ya ragu, ta ji wani daɗin da ba ta taɓa ji ba. Daga nan tef ɗin ya zama ubangidanta. Wata murya ta tare a kanta, tana ƙirga mata kowace loma, tana ce mata in ta ci ta faɗi. In ta ga abinci sai gabanta ya yanke ya faɗi kamar ta ga maciji a ɗaki. In aka matsa mata ta ci, sai ta zagaya ta dawo da shi. Gashinta ya fara bin mataji, al'adarta ta ɗauke, ana zafi tana rawar sanyi, taka keken ɗinki ya zame mata aikin ƙarfi.

Mutane kuwa ba a raba su da fassara. Rabin Sabon Tasha suna raɗa cewa ƙanjamau ce. Sauran rabin suna cewa baiwar Allah ce mai azumi. A cikin masu yabon babu kamar Anti Lizzy, ƙanwar mahaifiyarta da ta riƙe ta tun tana ƙarama.

Da labarin Kakau ya iso, faɗuwa ta zo wa Anti Lizzy daidai da zama. Dama ba ta taɓa son Shekari ba. Ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, yau aikin safe gobe na rana, ko keke ba shi da shi. Ita idonta na kan Harrison, shugaban masu addu'a na cocinsu, wanda ya ci kansila a zaɓen da ya wuce, yanzu ba ya amsa kira sai an ce Onarabul. Ya sayi mota, ya sayi babbar riga, ya kuma gano cewa Allah ya nuna masa Judith a mafarki.

Ranar Asabar ya zo, ya cika falon da turare. Anti Lizzy ta soya masa kaza, ya ci har da tanɗe hannu, yana yabon Judith da ke zaune a gefe da kofin ruwa.

"Sista Judith, ke ba irin matan zamanin nan ba ce masu bautar ciki," in ji shi. "Shugaba irina mace irinki yake bukata, wadda za ta riƙa tsaya masa a gaban Ubangiji."

Bayan tafiyarsa Anti Lizzy ta yanke hukunci. Ta ce mutanen Harrison za su zo neman auren Judith da yamma gobe, bayan sujadar godiya ta miƙa mulki, kuma ba ta son jin wata magana. Judith ta durƙusa tana kuka, ta ce ita Shekari take so. Anti ta ce so ba ya biyan hayar gida, kuma wanda uwarsa ta kore ki, kin koru.

Washegari coci ya cika maƙil, kowa na murnar farar hula sun karɓi ƙasa. Judith na layin gaba na mawaƙa cikin rigar da ta rage wa faɗi har ta gaji da ragewa. Ana tsakiyar waƙa ta ji muryoyin sun yi nisa, ta ga fankar sama ta rabu biyu. Abin da ta sani ke nan.

Mata suka kewaye ta suna cewa Ruhu ne ya sauko mata, Harrison ya ɗaga hannu ya fara addu'a da ƙarfi. Shekari ne ya keto daga bencin baya, inda yake laɓewa kowace Lahadi don ya hango ta. Bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗauke ta, sai ya ji ko buhun zaren da yake ɗagawa a masaƙa ya fi ta nauyi.

*

Ta kwana biyu a asibiti ana ƙara mata ruwa. Aka yi gwaje-gwaje, babu ƙanjamau, babu tarin fuka. Likitar, wata dattijuwa mai furfura, ta ja kujera ta zauna, ta yi mata tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi mata. Judith ta yi ta musu, daga baya ta fashe da kuka ta faɗi komai.

Likitar ba ta yi mamaki ba. Ta ce cuta ce sananniya, tsoron abinci da tsoron ƙiba, ba aljanu ba ne, ba kuma taurin kai ba. Ta ce tana kisa, don zuciya gajiya take yi ta tsaya. Ana warkewa, amma a hankali: abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, da dawowa asibiti kowane mako, kuma dole a sami mai zama da ita lokacin da take ci da kuma bayan ta ci, don ba za ta iya yaƙin ita kaɗai ba.

Da Shekari ya shigo bayan ya tashi aiki, Judith ta juya fuska bango. Ya zauna a bakin gadon.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In ce maka me, Shekari? In ce maka ina tsoron tuwo? A ƙasar da mutane ke kwana da yunwa? Dariya za ka yi, ko ka ce na haukace."

"Da na yi dariyar da mun huta. Kin san abin da na yi ta tunani? Na ɗauka kin raina mu ne. Na ce don uwata manomiya ce, kwanonta na ƙauye ne."

"Wallahi ƙamshin faten nan har yau yana hancina," ta ce, hawaye na bin kunnenta. "Na ɗauki cokali, na so in ci, na so in ci saboda kai. Hannuna ya ƙi. Da Mama ta shiga ɗaki kawo ruwa sai na ga kaina a bayan gida. Na ce ai ba za ta sani ba."

A nan ne ya ba ta labarin mutuwar babansa, da kular da ake mayar wa uwarsa cike, da dalilin cokalin farko. Judith ta toshe baki da zanin gado, kukan ya ƙi fita sai jijjiga. Ashe ba abinci ta zubar ba, tsohon miki ta fama wa matar da ba ta yi mata komai ba sai alheri.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ƙofa ta buɗe, Anti Lizzy ta shigo, Harrison na biye da ita yana kaɗa makullin mota. Ko kallon Shekari ba su yi ba.

Harrison ya ce likitoci nasu na jiki ne, wannan kuwa harin Shaiɗan ne. Akwai dutsen addu'a a bayan Gonin Gora, ya riga ya shirya, za a kai ta yau, a shiga azumi ba ci ba sha har sai abin ya fita.

Abin tsoron shi ne, zuciyar Judith ta so zancen. Muryar nan ta kanta ta miƙe tsaye tana murna. Wurin da babu kwano, babu mai cewa ci, wurin da za a yaba mata don ta ƙi ci. Ta ji bakinta na shirin cewa to.

"Gara ma da Allah ya sa kika zubar da sauran faten uwar yaron nan," in ji Anti Lizzy tana naɗe mata kaya. "Ɗan abin da kika taɓa ne ya mai da ke haka. Na bincika, kowa ya san matar nan, ita ta ci mijinta. Na gaya wa matan zumunta, har na Kakau na aika wa, su yi hankali da ita."

Shekari ya miƙe, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya dubi Judith kawai.

Ta gane cewa in ta yi shiru yau, ta gama kashe tsohuwar. Ta dafa gado ta tashi zaune, jiri na ɗibarta.

"Anti, ko loma ɗaya ban ci ba a gidanta. Tun kafin in san hanyar Kakau nake haka, a gidanki, a gabanki. Abincin da kike zuba mini a kwata yake ƙarewa. Azumin da kuke yabo ba azumi ba ne. Na manta rabon da in yi addu'a a cikinsa. Yunwa kawai nake bauta wa, kuma tana neman raina."

Harrison ya gyara babbar rigarsa, ya ce wannan ba ita ke magana ba, abin da ke cikinta ne.

"Ni ce, Broda Harrison. Yau ne ma ni ce. In ka kai ni dutsen nan, gawata za ka sauko da ita."

Anti Lizzy ta yi kuka, ta yi zagi, ta tuna mata riƙon da ta yi mata tun tana da majina a hanci. A ƙarshe ta ce ga mota a waje, ga ɗan masaƙa a tsaye, ta zaɓa. Amma in ta bi shi, kar ta sake ta dawo mata gida.

Judith na son Antinta, kuma maganar ta soke ta. Ta sauko da ƙafafunta ƙasa tana laluben takalmi.

"Shekari, kai ni wurin Mama."

*

Da la'asar, bayan an sallame ta, suka sauka a Kakau, a bakin titin Abuja. An yi ruwa, hanyar gidan ta yi caɓi, sau da yawa sai ta tsaya ta riƙe kafaɗarsa ta huta. Matan da ke ƙofar gidajensu suka bi su da ido. Saƙon Anti Lizzy ya riga su isowa.

Mama Comfort na zaune a ƙofar kicin tana tsince acca a faifai. Ta rame ita ma. Shekari ya gaishe ta, ta amsa. Judith ta gaishe ta, ta ci gaba da tsintarta kamar iska ce ta wuce.

Judith ta zube a kan gwiwoyinta cikin laka. Ta faɗi komai, tun daga Buhun Masara har zuwa maganar likita, ba ta rage ba, ba ta ƙawata ba. Ta ce ba ta zo don a yafe mata a yi aure ba. Ta zo ne don kar Mama ta sake kwana da tunanin an zarge ta.

Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Ni na ga shekarar da muka ci dusa," ta ce a hankali. "Na ga yara sun mutu suna kiran tuwo. Yau kuma ki zo ki ce mini mutum na tsoron abinci. Ki nemi wata ƙaryar. Antinki ta fi ki gaskiya, ita ta faɗi abin da ke ranku. Jiya na kai masara dafaffiya zumunta, na dawo da ita."

"Ban san yadda zan sa ki yarda ba, Mama. Ni kaina ban gane shi ba."

"To tashi ki tafi."

Judith ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ta tafi luu za ta kifa, tsohuwar ta yar da faifan ta cafke ta a hannu. Accar ta watse a ƙasa.

Sai ta tsaya, ba ta saki ba. Yatsunta biyu sun zagaye damtsen yarinyar har sun haɗu. Ta dubi damtsen, ta dubi wuyan, ta dubi gashin da ya zube a gefen ɗankwali. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, fita ka ba mu wuri," ta ce wa ɗanta.

Ta shigar da Judith kicin ta zaunar da ita a kan turmi. Ta hura wuta, ta wanke wata accar, ta yanka alayyafo da yakuwa, ta dama fate mai ruwa-ruwa irin na marasa lafiya. Tun da ƙamshin ya tashi Judith ta fara gumi. Muryar kanta na ihu, tana nuna mata ƙofa, tana tuna mata tef ɗin awo da motar Harrison.

Mama Comfort ta zuba kaɗan a kwanon nan dai na ranar farko. Ta zauna a gabanta. Kamar kullum, ta ɗebo cokali ta nufi bakinta da shi.

Judith ta riƙe mata hannu.

"Kar ki ɗanɗana, Mama. Ni zan fara."

Tsohuwar ta zuba mata ido. Faten na ɗiga a zaninta. A hankali ta juya cokalin.

Judith ta rufe ido ta buɗe baki. Ɗumi da tsamin yakuwa suka cika mata harshe. Hawaye suka ɓalle mata. Ta riƙe shi a baki har ta ɗauka ba zai wuce ba. Sannan ta haɗiye.

Ba ta ji daɗi ba. Tsoro ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba, da ƙyamar kanta. Ta ci na biyu da kuka, ta ci na uku, sai ta zabura za ta nufi bayan ɗaki.

Mama Comfort ta miƙe ƙafa ta tare ƙofar, ta damƙe gefen zaninta.

"Kajina sun ƙoshi. Zauna."

"Mama, zai fito, ba zan iya ba."

"In ya fito in dama wani. Acca ba ta ƙare ba a gidan nan. Likitar ta ce a zauna da ke, ko? To ni ba ni da wurin zuwa, dama babu mai gayyata ta."

Ta jawo kan yarinyar ta ɗora a cinyarta, tana shafa mata baya kamar jaririyar da aka gama ba nono. Judith na ta kakari tana sheshsheƙa, tsohuwar na riƙe da ita. A haka har numfashinta ya fara daidaita, abincin bai fito ba.

Shekari ya kasa haƙuri ya leƙo. Ya ga kwanon, ya ga cokalin, ya ga fuskar uwarsa jiƙe sharkaf. Rabonsa da ganin hawayenta tun ranar da suka baro ƙauye.

"Rabon da wani ya ci girkina ban fara ɗanɗanawa ba, tun babanka na da rai," ta ce, ba tare da ta dube shi ba.

Ya durƙusa a bakin ƙofar. Ya ce Anti Lizzy ta kore ta, ba ta da inda za ta kwana. Sannan ya tambaya ko yanzu maganar aurensu ta dawo.

"Ɗakina za ta kwana, kai ka koma Kakuri. Ranar asibiti ka zo ka raka mu." Ta share fuska da bakin zani. "Aure kuma ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ba zan ba ɗana matar da zai binne kafin kaka ba. Sai ranar da na ga gindin kwanon nan."

Judith ta ɗago ta dubi kwanon. Ko rabi ba ta yi ba. Ɗan faten da ya rage ya yi mata yawa kamar an ce ta shanye kogin Kaduna, muryar kuma na nan daram, ba ta je ko'ina ba.

Mama Comfort ta sake ɗebo rabin cokali. Ba ta kai bakinta ba, ba ta kuma tura mata ba. Ta riƙe shi a tsakaninsu, tana jira.